Ɗaura Kayan Jan Filafili a Doron Jirgin Ruwa

Jirgin ruwa mai tafiya da iska ba ya gudu yadda ya kamata sai an daidaita filafilansa (manyan ƙyallayen da iska ke bugawa ta tura jirgin), wato a ja igiyar filafili ko a sassauta ta gwargwadon inda iska ta biyo. Igiyoyin nan suna bi ta kan wasu ƙarafa da aka kafe a doron jirgin: winci mai nannaɗe igiya, da fuli mai karkata ta, da maƙali mai riƙe ta, da dogo wanda fuli ke zamewa a kansa. Daga cikin fitattun masu ƙera su akwai Lewmar na Ingila, da Harken na Amurka wanda 'yan'uwa biyu, Peter da Olaf Harken, suka kafa a 1967.

Nauyin da ke sauka a kan waɗannan kaya ba ƙarami ba ne. Idan gudun iska ya ninka biyu, ƙarfin da take buga filafili da shi ninkawa huɗu yake yi. Fuli kuma yana da nasa lissafin: in igiya ta karkata digiri 60 a kansa, yana ɗaukar daidai nauyin da ke kan igiyar; in digiri 90 ne, kashi 141 cikin 100; in kuwa ta yi kwana ta koma inda ta fito, nauyin ya zama biyu.

Ainihin aikin dai yana ƙarƙashin doron, inda ido ba ya gani. Yawancin jiragen faiba na zamani doronsu falle biyu ne, an sa katakon balsa ko soso mai tauri a tsakani. Wannan ciki ba ya jure matsi. Da an ɗaure noti da ƙarfi sai ya lotse, ruwa ya sami hanya, balsa ya ruɓe a hankali, ranar da aka yi iska mai ƙarfi ƙarfen ya tumɓuke. Saboda haka magyara sukan faɗaɗa ramin da ƙusa mai noti za ta bi, su ƙwaƙule cikin da ke kewaye da shi, su cika da gam ɗin efoksi mai kauri. Bayan ya daskare sai a sake huda rami daidai kaurin ƙusar. Aiki ne mai cin lokaci, amma tsallake shi ganganci ne.

Sukuru kaɗai ba ya wadatarwa. Dole ƙusa ta ratsa doron, a tare ta daga ƙasa da faranti na ƙarfen da ba ya tsatsa, ko alminiyam, ko allon faiba mai suna G10, don nauyin ya bazu. Kafin a ɗaure, akan ɗan fiƙe bakin ramin a zagaye shi da danƙon butil mai hana yoyo, sannan a riƙe kan ƙusar cik, noti kawai ake juyawa.

Inda ƙusar da ba ta tsatsa ta haɗu da alminiyam, ruwan gishiri yana sa alminiyam ɗin ya zagwanye, don haka ake shafa man da ke raba su.