Lemon citta

Lemon citta, wanda masu talla a garuruwan Arewa suka fi kira jinja, abin sha ne da ake haɗawa da citta da ruwa da sukari, a tsamama shi da lemun tsami ko tsamiya. Iri biyu ne. Akwai wanda ake tacewa a sanyaya a sha a ranar, shi ne aka sani a ƙasar Hausa da sauran Afirka ta Yamma. Akwai kuma wanda ake sa wa yis a bar shi ya tsimu kwana ɗaya ko biyu har ya yi gas, shi ne Turawan Ingila suka sa wa suna ginger beer, wato giyar citta. Kayan haɗinsu kusan ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne yis da tsawon lokacin da aka bar ruwan a rufe.

Sunaye da dangoginsa

A Hausa akwai lamurje, wanda ake yi da tsamiya da citta da kanumfari, ana yawan shan sa da azumi. Sunan ya bi Hausawa har unguwannin zango na Gana, inda ya zama lamugin, mutanen can kuma suna yi masa laƙabi da giyar Hausawa duk da cewa ba ya bugarwa. A Kwaddebuwa ana ce wa nasu nyamakuji. A tsibiran Karebiyan, musamman Jamaika, ana haɗa shi a gida lokacin Kirsimeti a sha tare da zoɓo, irin namu sak, sai dai sunansa daban a can. A gabashin Afirka, inda ake kiran citta tangawizi, na kwalba ya fi yawa, kamar Stoney Tangawizi na kamfanin Coca-Cola.

Cittar da ake nufi

Citta mai yatsu ake nufi, wadda masana tsirrai ke kira Zingiber officinale, Larabawa kuma zanjabil, sunan da ya zo a aya ta 17 ta Suratul Insan. Ba citta mai ƙwaya ba, wannan wata shuka ce daban ko da yake dangi ne. Asalin citta mai yatsu kudancin Asiya ne, kuma Indiya ce kan gaba wajen nomanta. Najeriya na cikin manyan masu nomanta a duniya, kuma cibiyar noman tana kudancin Kaduna, a Kachia da Jaba da Kagarko da kewayen Kafanchan. Manoman can sun san iri biyu: tafin giwa mai kauri da ciki rawaya, da yatsun biri mai sirara da ɗan duhu. A daminar 2023 wata cutar fumfuna ta cinye gonakin yankin, farashin citta ya yi tashin gwauron zabo, masu sayar da jinja a ƙulle-ƙullen leda da gorunan roba suka ji a jikinsu.

Yajin ɗanyar citta daga wani sinadari ne mai suna jinjarol. Idan aka busar da ita, wani kaso nasa kan rikiɗe ya koma shogawol, wanda ya fi shi zafi. Shi ya sa lemon da aka yi da busasshiyar citta yake kama maƙogwaro amma ƙamshinsa bai kai na ɗanya ba. Masu sana'ar da yawa sukan haɗa biyun.

Haɗin da ba a tsimawa

Ga lita 2 ta ruwa, ɗanyar citta giram 150 zuwa 200 ta isa, wato kamar manyan yatsu uku ko huɗu. A wanke ta sosai, domin ƙasa na maƙalewa a tsakanin yatsun, a kankare bayan da gefen cokali. Sai a daka a turmi, ko a gurza a abin gurza kuɓewa, ko a markaɗa da ɗan ruwa. A zuba kanumfari ƙwaya biyar ko shida, wasu su ƙara masoro ko kimba ko ɓawon abarba. A nan hannu ya rabu biyu: wata ta zuba tafasasshen ruwa ta rufe ya jiƙu awa ɗaya, wata ta dama da ruwan sanyi kawai. Na ruwan zafi ya fi jure ajiya, na ruwan sanyi ya fi ƙamshi.

Bayan an tace da ƙyallen tatar koko, a bar ruwan ya natsu kamar rabin awa. Za a ga wani farin abu ya kwanta a gindin roba kamar gasara, sitacin citta ke nan. Mai son lemo garau sai ya tsiyaye na sama ya bar shi. Daga nan a matse lemun tsami biyu ko uku, ko a zuba jiƙaƙƙiyar tsamiya, a sa sukari gwargwadon baki, a kai firji ko a jefa ƙanƙara. Lemun tsami ba a tafasa shi da ƙwallonsa da ɓawonsa, ɗaci yake kawowa.

Haɗin da ake tsimawa

A nan ne aikin yake buƙatar ido. Yis ƙwayar halitta ce mai rai, tana cin sukari ta fitar da abu biyu: iskar kabon, wadda ita ce gas ɗin lemo, da kuma barasa. Idan kwalba a rufe take, iskar ba ta da mafita sai ta narke cikin ruwan, ranar da aka buɗe ta taso da kumfa.

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi haɗin da aka bayyana da sukari kamar giram 200, a bar shi ya huce har yatsa ya iya zama a ciki ba ƙuna, domin ruwa mai zafi yana kashe yis. Sai a zuba yis na burodi, rubu'in ƙaramin cokali kawai. Wanda ya cika hannu zai sami lemo mai warin ƙullin fanke. A ɗura a gorar roba irin ta lemon kwalba, a bar sarari kamar faɗin yatsu uku a wuya, a ɗaure murfi tam, a ajiye a inuwa.

Gorar ce agogon mai haɗi. Da farko idan aka matsa cikinta tana lotsawa. In ta yi tauri kamar sabuwar da ba a buɗe ba, lemo ya yi, sai firji. Littattafan girkin Turai kan ce kwana ɗaya zuwa biyu, amma da yanayin ɗakinsu suka auna. A bazarar Kano ko Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wanda aka ɗura da safe yana iya yin tauri kafin magariba, da hunturu kuma ya yi ta jan ƙafa. Kwalbar gilashi ba ta lotsawa balle ta ba da labari, kuma idan iska ta fi ƙarfinta tarwatsewa take yi, saboda haka ba ta dace da mai koyo ba.

Akwai masu ƙin yis na kanti su tayar da nasu. Fatar ɗanyar citta tana ɗauke da yis na daji da ƙwayoyin da ke tsamama nono. Ana gurza cokali guda na citta da bayanta, a haɗa da cokali guda na sukari a kofin ruwa, a rufe da ƙyalle, kullum a ƙara cokali ɗaya-ɗaya. Cikin kwana biyar zuwa bakwai sai a ga ƙananan kumfa suna tasowa, ana jin ƙaramar ƙara idan aka kara kunne. Rabin kofi na wannan ruwa ya isa ya tayar da lita 2. Ruwan famfo mai yawan kilorin yana hana shi tashi, gara a tafasa a bar shi ya huce. Ɗanɗanonsa ya fi na yis ɗin burodi zurfi, da ɗan tsami-tsami irin na kunun da ya kwana.

Tarihinsa a Ingila

Mai gas ɗin ya bayyana a Ingila ne a tsakiyar ƙarni na 18, ana danganta farkonsa da yankin Yokshaya. Cittar da sukarin duk daga ƙasashen da Ingila ta mallaka ake kawo su, musamman Karebiyan. Na wancan zamanin yana bugarwa, har dokar haraji ta 1855 ta sa masu sayarwa suka rage ƙarfinsa domin kauce wa harajin giya, ya koma abin shan yara da ma'aikata. A kwalaben yumɓu masu kauri ake ɗura shi saboda su jure iska.

A da, gidaje da yawa a can suna da wani abin tayarwa mai kama da jiƙaƙƙiyar farar shinkafa, wanda ake gado kuma ake raba wa maƙwabta, suna ce masa shukar giyar citta. Ba shuka ba ce. Masanin tsirrai Harry Marshall Ward ne ya bayyana a 1892 cewa yis ne da bakteriya suke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka a dunƙule ɗaya.

Lemon ya shiga tarihin shari'a ma. A watan Agustan 1928, a garin Paisley na Sikotilan, wata mata mai suna May Donoghue ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a kwalbar da aka saya mata, bayan ta riga ta sha rabi, kwalbar kuma ba a ganin cikinta. Ta kai mai kamfanin, David Stevenson, ƙara. A 1932 kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Birtaniya ta yanke cewa mai sarrafa kaya yana da alhakin kula da lafiyar wanda zai sha, ko da ba hannu da hannu suka yi ciniki ba. Har yau ɗaliban lauya a Najeriya suna karanta wannan hukunci a darasin sakaci.

Batun barasa

Wanda ba a tsima ba babu magana a kansa. Yawancin na gwangwani da na kwalba da ake sayarwa yanzu ma ba tsimi aka yi musu ba, inji ne ya ɗura musu gas, sunan giya kawai suka gada, ko da yake akwai masu barasa da gangan kuma ana rubutawa a jiki. Na gida mai yis kuwa ba ya rasa barasa. A tsimin kwana ɗaya kaɗan ce ƙwarai, galibi ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba, amma kowace kwana da aka ƙara zaƙi na raguwa ita tana ƙaruwa, har ya zama giya sosai. Malamai kan kawo batun nabizu a nan, wato jiƙon dabino ko zabibi: Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi (SAW) yakan sha shi har yammacin rana ta uku, bayan nan ba ya sha. Wanda yake son gas ba tare da shiga shubuha ba yana da hanya mai sauƙi: ya dafa citta da sukari su yi kauri, ya tace, in zai sha ya tsinka da ruwan soda.

Ajiya

Sanyi ba ya kashe yis, kwantar da shi kawai yake yi. Inda wuta ke ɗaukewa, gorar da ke firji tana iya farkawa cikin dare ta ci gaba da tsimuwa, don haka ana sassauta murfin sau ɗaya a rana iska ta fita. Wajen buɗewa a bi a hankali, a murɗa kaɗan a tsaya, in ba haka ba rabin lemon a rufin ɗaki zai ƙare. Wanda ba a tsima ba yana yin kwana uku zuwa huɗu a firji, a waje kuma da zafi wuni ɗaya ya isa ya fara tsami da kansa. Idan aka ga fumfuna a sama, ko ruwan ya yi yauƙi, ko ya canza wari, zubarwa ake yi a wanke gorar da ruwan zafi da sabulu.