Ciwon da ake ji har ɓargo: jijiya da kumburi a cikin ƙashi

"Malam, ciwon nan har cikin ɓargona nake jin sa." Da wuya mako ya wuce ban ji wannan magana ba a ɗakin duba marasa lafiya, ko daga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko daga yaro mai sikila da uwarsa ta goyo shi da asuba. Lokacin da muke makarantar koyon aikin lafiya mun ɗauka salon magana ne kawai. Ashe gaskiya suke faɗa, akwai jijiyoyi a cikin ɓargo, kuma suna kai saƙon ciwo.

Kalmar jijiya tana da faɗi a bakinmu, hanyar jini jijiya ce, wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi ma jijiya ce. Wadda nake nufi ita ce siririn zaren nan da ke tasowa daga laka, mai gaya wa ƙwaƙwalwa an taka ƙaya ko an taɓa wuta. Irinta suna bin hanyar jini su kutsa cikin ƙashi ta wata 'yar huda. Sun fi yawa a tantanin da ya lulluɓe ƙashi, shi ya sa bugun ƙwauri kan sa ƙato ya yi ƙwalla. Shi kuwa ɓargo, wanda muke tsotsa a ƙashin miya, a jikinmu shi ne masaƙar jini: kusan jajayen ƙwayoyin jini miliyan 2 yake fitarwa a kowace daƙiƙa, ga farare masu yaƙi da cuta, ga waɗanda ke sa jini ya daskare in an yanke.

To me ke jawo jijiya ta shiga ƙashi tun farko? Wata likita ce 'yar Italiya, Rita Levi-Montalcini, ta fara buɗe wannan ƙofa. Bayahudiya ce daga birnin Turin, dokokin wariyar da gwamnatin Musolini ta kafa a 1938 suka raba ta da jami'a, sai ta mai da ɗakin kwananta wurin bincike, tana fasa ƙwan kaji tana duba yadda jijiyar ɗan tsako ke tsirowa. Bayan yaƙin duniya na biyu ta koma Amurka, birnin St. Louis. A can, a farkon shekarun 1950, ta ga cewa in aka dasa wani ƙari na ɓera a jikin ɗan tsakon da ke cikin ƙwai, jijiyoyi kan yi ta tsirowa suna nufarsa kamar saiwar bishiya ta ji danshi. Abokin aikinta Stanley Cohen ya tace sinadarin da ke jawo jijiyoyin, ya same shi da yawa a dafin maciji da kuma wurin da ɓera namiji ke yin yawu. An ba su kyautar Nobel a 1986. Ta rasu a 2012 tana da shekara 103. Likitoci suna kiran sinadarin NGF. Ni in ina wa majinyata bayani, takin jijiya nake ce masa.

Da aikinsa ya tsaya kan tsiro da jijiya, da ban ɗauki alƙalami ba. A 1977 ita Levi-Montalcini da wani abokin aikinta suka yi wa jariran ɓeraye allurar takin nan, sai suka ga wasu ƙwayoyi da ake kira mast sun ƙaru a jikinsu. Waɗannan ƙwayoyi 'ya'yan ɓargo ne, daga can suke fitowa su je su zauna a fata da huhu da hanji, galibi dab da jijiya. Su ne ke zubo histamin, abin da ke sa borin jini da ƙaiƙayi da atishawa. Takin jijiya yana zuga su, su ma kuma suna yin takin da kansu. Wurin ya ji rauni, ƙwayoyin suka zubo taki, jijiya ta ƙara kaifin ji, ta saki nata sinadaran da ke buɗe hanyoyin jini, wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ya kumbura, wasu fararen ƙwayoyin suka ƙara tururuwa. Ka san yadda ko riga ta goga maruru sai ka zabura? Wani ɓangare na wannan aikinsa ne. An auna shi ya yi yawa a ruwan gaɓar masu amosanin gaɓɓai, kuma mutane masu lafiya da aka yi wa allurarsa a gwaji sun yi kwanaki tsokarsu na ciwo.

Ɓargo da kansa ma yana buƙatar jijiya. A 2008 masu bincike ƙarƙashin Paul Frenette a birnin New York suka nuna jijiyoyin ɓargo ne ke tsara lokacin da iyayen ƙwayoyin jini ke fitowa cikin jini, dare daban, rana daban. A 2023 kuma ɗakin binciken Sean Morrison a Dallas ya gano ƙwayoyin da ke riƙe da ɓargo su ne ke yin takin. Ɓerayen da aka hana su yin sa, ɓargonsu ya wayi gari babu jijiya. Abin mamaki, jininsu ƙalau yake muddin lafiya lau ake. Amma da aka ba su irin maganin nan mai ƙarfi na ciwon daji, ɓargon ya yi ta jan ƙafa wajen farfaɗowa. Haka ma karaya: ɓerayen da aka toshe wa wannan saƙo, ƙashinsu ya yi jinkirin haɗewa. A ɓera aka ga waɗannan, ba zan ce kowane ɗaya ya tabbata a jikin ɗan Adam ba.

Wanda aka gani a jikin mutane shi ne labarin wata allura mai suna tanezumab. Kamfanin Pfizer, daga baya tare da Eli Lilly, ya ƙera allura mai kama takin jijiya ta hana shi aiki, don masu ciwon gwiwa da ƙugu. Ciwon ya ragu, babu musu. Amma wasu daga cikin waɗanda aka yi wa sai gaɓarsu ta lalace da sauri, har aka sauya musu ita da ta ƙarfe, kuma abin ya fi muni ga masu haɗa allurar da magunguna dangin ibuprofen na tsawon lokaci. Hukumar magunguna ta Amurka ta dakatar da gwajin a 2010, aka sake komawa, a 2021 Turai ta ƙi amincewa da shi, kamfanonin suka ajiye aikin a shekarar. Masana sun kawo bayani biyu: mutum ya daina jin ciwo ya ɗora wa gaɓa nauyin da ba za ta iya ba, ko kuma an katse saƙon da gyaran ƙashi ke jira.

Wannan labari nake tunawa duk lokacin da ɗan dako ko mai faskare ya ciro ƙullin leda daga aljihu, haɗin kemis, diclofenac da piroxicam da 'yar ƙwayar prednisolone, wani har da tramadol, ya ce da shi yake fita aiki kullum tun bara. Waɗannan ba takin jijiya suke toshewa ba, hanyarsu daban ce. Amma ɗabi'ar ɗaya ce: an rufe bakin gwiwa, an ci gaba da ɗora mata buhu. Ga gyambon ciki da ciwon ƙoda suna jira a gefe, prednisolone kuma in an daɗe ana sha yakan rarake ƙashi. Maganin ciwo halal ne, mu ma muna rubuta shi, kuma mai sikila da ciwo ya tasar masa bai kamata a bar shi yana murƙususu ba. Abin da nake roƙo shi ne a san dalilin ciwon, a san kwana nawa za a sha.

Rashin jin ciwo kuwa ya fi ba ni tsoro. Akwai yaran da ake haifa jijiyarsu ba ta karɓar saƙon takin nan, masu bincike a Japan suka gano musabbabin a 1996. Ba sa jin ciwo, ba sa gumi, suna tauna harshensu, su karye su ci gaba da gudu a kan karayar. Cutar ba ta da yawa. Amma mai kama da ita tana nan a unguwanninmu: ciwon suga da kuturta, duka biyun suna kashe jijiyar ƙafa da hannu, kuma an samu takin ya ragu a fatar masu su. Ƙusa ta soki dattijo a gona bai sani ba, sai wari ya tona, lokacin miki ya kai ƙashi. Mai suga ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, in idonsa ba ya gani sosai jika ya duba masa, kada ya fita ba takalmi, kada ya gwada zafin ruwan wanka da ƙafa. Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, a kawo mu gani, maganin kuturta kyauta ake ba da shi.

Masu tallar magani a tasha da lasifika sun fara cewa nasu yana tsiro da jijiya. Takin jijiya da aka amince da shi a Turai a 2017 da Amurka a 2018 ɗigon ido ne, na wani miki da ke fita a baƙin ido, ba na ƙashi ba ne, ba kuma a kwalbar tasha yake ba.

Ƙashin da ya kumbura wuri ɗaya, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, musamman a yaro mai sikila, yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ɓargo. Kada a yi masa tsaga, kada a kafa ƙaho, kada a kai wa mai ɗori ya ɗaure da kara. A kawo shi asibiti a ranar, tare da duk maganin da aka riga aka ba shi a cikin ledarsa.