Kiristanci da Neman Abinci a Arewacin Kamaru

Arewacin Kamaru, wato jihohin Adamawa, Arewa da Arewa Mai Nisa, yanki ne da sarautar Fulani da fataucin Hausawa suka ba shi kamannin ƙasar Musulmi. Duk da haka akwai Kiristoci da yawa a cikinsa, galibinsu Gbaya, Dii, Mundang, Tupuri, Masa, Giziga, Mafa da sauran mazauna duwatsun Mandara, sai kuma ma'aikata da 'yan kasuwa da suka hauro daga kudu. Tun farko ta hanyar aiki aka san addinin a nan, da asibiti da makaranta da rijiya. Har yau ma mafi yawan tambayoyin da yake fuskanta a mahauta suke tasowa, da kasuwa, da gonar auduga.

Zuwan 'yan mishan

Mishan ya makara kafin ya iso arewa, domin Faransawa masu mulkin mallaka ba sa son abin da zai ɓata tsakaninsu da lamiɓe, wato sarakunan Fulani. 'Yan ɗarikar Lutheran ne suka fara shigowa. Wata ƙungiya daga Amurka ta kama aiki wajen 1920 a bakin iyakar Cadi, Adolphus Gunderson ya sauka cikin Gbaya a 1923, mutanen Norwe kuma suka zauna a Ngaundere a 1925. Katolika sai a 1946 suka zo da ƙarfinsu ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na Garwa a 1955.

Wa'azi bai ja Fulani da Hausawa ba, amma magani ya ja su. Asibitin mishan na Ngaundere, da aka buɗe a 1957, ya shiga bakin mutane har unguwar da yake ciki ana kiranta da sunan mutanen Norwe, kuma babu mai tambayar addinin majinyaci a bakin ƙofa. A shekarun 1950 bayi sun riƙa gudowa daga gidajen manya zuwa harabar mishan ɗin, abin da ya haɗa ɗan mishan ɗin Norwe Halfdan Endresen rigima da masu sarauta. Ga Dii da Gbaya kuwa, makarantar mishan ce ta zama tsanin zama malami, ko ma'aikacin jinya, ko akawu.

Tokombere

Idan ana neman wurin da aka fi gwada haɗa ibada da aikin hannu, Tokombere ne, wani gari a gindin duwatsu tsakanin Marwa da Mora. A 1959 Fada Simon Mpeke, ɗaya daga cikin 'yan Kamaru takwas na farko da aka naɗa limaman Katolika a 1935, ya bar babbar ikilisiyarsa ta New Bell a Duwala ya komo nan, inda wani likita ɗan Suwizalan, Giuseppe Maggi, ya soma asibiti. Mutanen dutse, waɗanda na ƙasa ke kira Kirdi don raini, suka sa masa suna Baba Simon. An san shi da hawa dutse ba takalmi, da zama yana sauraron dattawan da ke yanka wa kakanni hadaya ba tare da ya zage su ba, da kuma matsa wa iyaye su saki 'ya'yansu su shiga makaranta. Ya rasu a Edea ranar 13 ga Agusta 1975, a 2023 kuma Fafaroma Francis ya amince da nagartarsa, mataki ne a hanyar shiga sahun waliyyai.

Bayan Baba Simon, Fada Christian Aurenche, Bafaranshe da ya haɗa limanci da likitanci, ya mayar da aikin asibitin cikin ƙauyuka, yana horar da mutanen gari su kula da ruwan sha, awon ciki da abincin yara. A nan ne kuma Jean-Marc Ela, limamin Katolika ɗan Kamaru kuma masanin tauhidi, ya yi fiye da shekara goma tun daga 1971, ya fito da abin da ya kira tauhidin gindin bishiya: karanta Littafi Mai Tsarki tare da manoma, ana haɗa shi da zancen haraji, fili da yunwa.

Rumbun gayya ya fi kome nuna wannan tunani. Da kaka hatsi yakan faɗi warwas, manomi kuma ga kuɗin makaranta ga bashi, dole ya sayar. Can cikin Yuli da Agusta, lokacin da rumbun gida ya yi ƙasa kuma sabo bai nuna ba, sai ya koma wurin ɗan kasuwar nan ya sayi dawarsa da tsada. Ikilisiyoyi da kwamitin raya ƙasa na dayosis ɗin Marwa-Mokolo suka ƙarfafa mutane su tara buhuna a ɗaki guda, kowa da sunansa a jikin nasa, makullai a hannun mutum fiye da ɗaya, ba a buɗewa sai damina ta yi nisa. Dabara ce mai sauƙi a baki. Wahalarta tana ga amana, shi ya sa inda katekis (mai koyar da addini a cocin ƙauye) ko ma'aji ya yi wasa da buhu ɗaya, rumbun da cocin sukan yi rauni tare.

Nama, bilbil da kasuwar Lahadi

A Garwa, Marwa da Ngaundere fawa sana'ar Musulmi ce, Hausawa kuma sun yi suna a cikinta, daga kan tebur har tukubar tsire da shanyar kilishi. Kirista na cin yankan Musulmi ba tare da wani tunani ba, amma Musulmi da yawa ba sa cin nasa. Don haka a gidaje da dama, ranar jajibirin Kirsimeti sai a aika yaro ya kira maƙwabci Musulmi ya sa wa akuya wuƙa, domin in an kai masa kwano gobe ya ci hankali kwance. Da Babbar Salla kwanon yakan dawo da naman layya. Wasu fastoci na ganin wannan sassauci ya yi yawa, sai dai al'adar ta fi ƙarfin gardamar.

Bilbil, burkutun dawa na yankin, ya fi raba kan Kiristoci. Ga mace a ƙauye ko a gefen birni, dafa shi na cikin 'yan hanyoyin samun kuɗi a hannu, da shi take zubin adashi da biyan makaranta. Yawancin cocin Furotesta sun hana sha da dafawa, har akan sa mai yi ƙarƙashin horo a hana ta cin Jibin Ubangiji. Katolika ba su haramta ba, sun fi yaƙi da maye da arki, wato barasar da ake tacewa, da kuma cinye dawar gida a tukunyar giya. Hanin da bai zo da wata sana'a ba bai cika tasiri ba, shi ya sa ƙungiyoyin mata na coci suka dage kan ɗinki, sabulu, man gyaɗa da kiwo.

Akwai kuma batun rana. Kasuwar Mora da ta Pitowa Lahadi suke ci, kuma mai albasa ko tukwane ba zai iya cewa sai Litinin ba. Abin da aka saba shi ne a yi sujadar sassafe, a fito a ɗora kaya a babur.

Auduga ta shigo da nata lissafin. Kamfanin Sodecoton, da aka kafa a 1974 mai hedikwata a Garwa, yana ba ƙungiyoyin manoma taki da magani bashi, ƙungiya kuma ke ɗaukar nauyin wanda ya gaza. Sau da yawa wanda ya iya karatu a ƙauye, katekis ko dattijon coci, shi ke riƙe littafi da sikeli. Ranar biyan kuɗin auduga ake gane ko huɗubarsa ta Lahadi tana da nauyi.

Harshe da zamani

Fulatanci ne harshen kasuwa a yankin, kuma shi ya zama harshen da ke haɗa ƙabilu a coci, tare da Faransanci. Gidan shirye-shiryen rediyo na Sawtu Linjiila a Ngaundere yana aiki da shi tun shekarun 1960, cikakken Littafi Mai Tsarki na Fulatanci kuma ya fito a 1983, shekara 51 bayan na Hausa na 1932. Yanzu waƙoƙin mawaƙan coci a katin waya da WhatsApp suke yawo, za ka ji su a shagon tela ko a bakin tashar 'yan acaɓa, sababbin cocin Fentikos kuma sun cika unguwannin birni da lasifika da alkawarin buɗi.

Rikicin Boko Haram ya sauya aiki da ibada a bakin iyaka. An sace Fada Georges Vandenbeusch a Nguetchewe cikin Nuwamba 2013, sai limamai biyu 'yan Italiya da wata sista 'yar Kanada a Cere cikin Afrilu 2014. Duk an sako su, amma Turawan mishan da yawa sun janye, aikin ya koma hannun 'yan ƙasa. A ƙauyukan Mayo-Tsanaga mutane sun riƙa yin noma da rana su hau dutse su kwana. Sansanin Minawao, da aka buɗe a 2013 kusa da Mokolo, ya karɓi dubban 'yan Najeriya, cikinsu har da Kiristocin yankin Gwoza na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda suka kafa majami'unsu a can suna sujada da waƙa da Hausa.