Littafin Jane Austen da Ake Ta Sake Rubutawa: Tambayoyi da Amsoshi

Wane littafi ake nufi, kuma me ya ƙunsa?

Littafin shi ne Pride and Prejudice, wanda Jane Austen, marubuciyar Ingila da ta rayu daga 1775 zuwa 1817, ta fitar a 1813 ba tare da an sa sunanta a bango ba. Labarin gidan wani dattijo ne mai suna Bennet, wanda Allah ya ba 'ya'ya mata biyar babu namiji ko ɗaya, alhali gidansa da gonakinsa na Longbourn suna ɗaure da sharaɗin cewa namiji ne kaɗai zai gaje su. Idan uban ya rasu, wani danginsa na nesa, limamin coci mai suna Collins, shi zai kwashe komai, uwa da 'ya'yanta kuwa su nemi wurin zama. Mai karatun da ya saba da rabon gado na Musulunci, inda 'ya mace take da kasonta, sai ya riƙe wannan a zuciya kafin ya gane dalilin da uwar gidan ta kasa sukuni sai ta aurar da su. A cikin wannan hali ne Elizabeth, 'ya ta biyu, ta ƙi auren Collins, sannan ta ƙi Darcy, attajirin da ke samun fam 10,000 a shekara, saboda girman kansa da kuma mummunan zaton da ta yi masa, kafin daga baya kowannensu ya gane kuskurensa.

Me ya ba kowa damar taɓa littafin?

Haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, don haka babu wanda za a nemi izininsa. Austen da kanta fam 110 ta sayar da shi ga maɗaba'ar Thomas Egerton.

Waɗanne finafinai ne suka fi shahara?

Na 1940, wanda aka yi a Amurka da Greer Garson da Laurence Olivier, ya sassauta labarin ƙwarai: an mai da Collins mai kula da ɗakin littattafai don kada a yi wa malaman coci ba'a, 'yar'uwar mahaifiyar Darcy mai taurin kai kuma aka mai da ita mai son alheri a ɓoye. A 1995 tashar BBC ta yi shiri mai kashi shida da Jennifer Ehle da Colin Firth, kuma tsawonsa ya ba shi damar bin littafin kusan sau da ƙafa. Abin mamaki, wurin da aka fi tunawa da shi a shirin, inda Darcy ya faɗa tafki ya dawo da jiƙaƙƙiyar riga, babu shi a littafin ko kaɗan. Marubucin shirin, Andrew Davies, shi ya ƙago shi. Fim ɗin Joe Wright na 2005, da Keira Knightley, ya nuna gidan Bennet da taɓo da dabbobi a tsakar gida, domin mai kallo ya ga cewa rufin asirinsu bai kai yadda ake zato ba.

Me ke ɓacewa idan littafin ya zama fim?

Muryar mai ba da labari ce ke ɓacewa, kuma a ganina ita ce rabin daɗin littafin. Austen tana rubutu da habaici, tana faɗin magana kamar ta yarda da ita alhali dariya take yi wa masu faɗinta, sannan tana shigar da mai karatu cikin tunanin Elizabeth har ya yi kuskure tare da ita. Kyamara ba ta iya wannan sai da dabara. Shi ya sa masu shirya fim kan raba kalaman marubuciyar a bakin 'yan wasa, ko su dogara ga kallo da kiɗa, daga nan kuma labarin yakan karkata zuwa soyayya zalla, batun kuɗi da gado ya koma baya.

Yaya marubuta suka sake fasalinsa?

Helen Fielding ta kawo shi Landan ta zamani a Bridget Jones's Diary a 1996, kuma da aka yi fim ɗinsa a 2001, Colin Firth ne dai ya sake fitowa a matsayin wani Darcy. P. D. James ta ci gaba da labarin a 2011 da binciken kisan kai a gidan Darcy. Wanda ya fi ƙara wa asalin wani abu shi ne Longbourn na Jo Baker, na 2013, domin ya koma wajen barorin gidan, masu wanki da ɗiban ruwa, waɗanda Austen ta ambata a gurguje. Elizabeth ta taka da ƙafa cikin taɓo zuwa gaida 'yar'uwarta, mai karatu ya yaba mata, Baker kuwa ta tambayi wanda zai wanke tufafin.

Labarin yana karɓuwa idan aka fitar da shi daga Ingila?

Yana karɓuwa, musamman inda aure bai daina zama al'amarin dangi ba. A 2004 Gurinder Chadha ta kai shi Amritsar a Indiya cikin Bride and Prejudice, da waƙoƙi da raye-raye irin waɗanda masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa suka sani, Aishwarya Rai ta fito a matsayin Lalita, 'yan mata suka koma huɗu, Collins kuma ya zama ɗan Indiya mazaunin Amurka da ya dawo gida neman mata yana tinƙaho da arzikinsa. Soniah Kamal ta kai labarin Pakistan a littafinta Unmarriageable na 2019, Uzma Jalaluddin kuwa ta sa shi cikin al'ummar Musulmi ta Toronto a Ayesha at Last. Babu sharaɗin gado irin na Longbourn a waɗannan wurare, saboda haka aka maye gurbinsa da abin da ke matsa wa iyali a can: tsadar biki, surutun dangi, da tsoron kada yarinya ta daɗe a gida.