Tarbiyyar Yara a Gidajen Masihiyawan Katsina

Masihiyawa suna ne da Hausawa Kiristoci ke kiran kansu da shi. A Jihar Katsina sun fi yawa a ƙauyukan Malumfashi, Kafur da Matazu, kuma akasarinsu jikokin Maguzawa ne. A wurinsu yaro yana fara sanin addini ne a hannun masu rainonsa, tun bai kai shiga makarantar Lahadi ba.

Tarihi

Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna hana 'yan mishan wa'azi a masarautun Musulmi. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wanda aka kafa a 1893, ya samu shiga ƙasar Katsina ta hanyar jinya, musamman a asibitin kutare na Babbar Ruga, wajen ƙarshen shekarun 1930. Kafin nan, a 1932, an buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wannan ya sa waɗanda suka fara karɓar addinin suka koyi karatun boko don su karanta shi da bakinsu, sannan suka koya wa 'ya'yansu a tsakar gida. Daga aikin SIM ne cocin ECWA ya fito a 1954. Katolika kuwa sai a 2023 suka samu dayosis na Katsina, wato yankin coci mai bishop nasa, wanda Bishop Gerald Mamman Musa ke shugabanta.

A cikin gida

Gidaje da dama suna taruwa don addu'a da asuba ko bayan tuwon dare. Yara na kan tabarma, babbansu ya karanta aya, a rera waƙa ɗaya, uba ko uwa su rufe da addu'a. Fastoci kan kafa hujja da Karin Magana 22:6, ayar Littafi Mai Tsarki kan horon yaro, da labarin Timoti, almajirin Manzo Bulus, wanda ya gaji bangaskiya daga kakarsa da mahaifiyarsa. Dattawa dai sun fi dogara da abin da yaro ke gani: yadda baba yake magana da inna, da ko ana kai wa maƙwabci Musulmi abincin Kirsimeti. Sukan ce yaron da aka tilasta wa haddar aya da bulala yakan bar coci da zarar ya tafi birni.

Ƙungiyar Zumuntar Mata ta coci tana taimaka wa sababbin iyaye mata.

Baftisma

Katolika da Anglikan suna yi wa jarirai baftisma, ECWA kuwa tana jira sai yaro ya furta bangaskiyarsa da kansa.