Me ake nufi da "siginar kalsiyam"?

Tun da annobar korona ta jefa maganar garkuwar jiki cikin bakin kowa, masu tallan magungunan ƙarin kuzari suka rungumi kalmar "siginar kalsiyam", suna nuna wa mai sauraro cewa shan kalsiyam zai farkar da garkuwarsa. Wannan fassara tana damuna ƙwarai, domin tana sa mutane kashe kuɗi a kan abin da masana ba su faɗa ba.

Ƙwayar T, ɗaya daga cikin fararen ƙwayoyin jini, tana riƙe kalsiyam ɗin cikinta ƙasa da na waje kusan sau 10,000. Idan ta gane baƙon abu, sai ma'ajiyar kalsiyam da ke cikinta ta saki nata, furotin STIM1 ya ji ma'ajiyar ta yi ƙasa, ya buɗe ƙofar da ke fatar ƙwayar, wato Orai1 wadda aka gano a 2006, kalsiyam ya kwararo ciki. Wannan hauhawa ta ɗan lokaci ita ce siginar, kuma ƙofar ce take iko da ita. Yaran da aka haifa da lahani a Orai1 suna fama da cututtuka masu tsanani alhali kalsiyam bai ƙare a jininsu ba.

Yadda ake auna siginar ma yana buƙatar hattara. Sau da yawa ƙwayoyin da ake gwadawa an daskarar da su ne cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, tare da sinadarin DMSO kashi 10 cikin 100 don kada ƙanƙara ta farfasa su. Bayan an narkar da su, ana ɗura musu rini irin su Indo-1, wanda ƙungiyar masanin kimiyya Roger Tsien ta samar a 1985, mai sauya launin haskensa idan ya kama kalsiyam, sannan a tsokane su, a bi da su ɗaya bayan ɗaya ta gaban hasken lesa a na'urar auna ƙwayoyi da ake kira saitomita. Ƙwayar da ta fito daga sanyi a jigace take, don haka idan ba a wanke ta ba, ba a bar ta ta huta a digiri 37 ba, siginarta na iya fitowa da rauni, a ɗora laifin a kan garkuwar mai jinin. Shi ya sa a ganina sakamakon da ba a gwada rinin da ionomycin ba, wato sinadarin da ke shigar da kalsiyam cikin ƙwaya kai tsaye don a ga ko rinin yana aiki, ba a kuma ware matattun ƙwayoyi ba, bai isa a gina hukunci a kansa ba.