Takardar gwamnati, makulli a hannun wani: me dokar buɗaɗɗiyar manhaja take cewa?

A wani shagon buga takardu kusa da Babbar Kasuwar Yamai na tarar da wani malamin makaranta da ya taso daga Tawa, riƙe da ƴar kile. Darussan Hausa ne a ciki, waɗanda aka buga shekaru da dama da suka wuce. Da yaron shagon ya buɗe, sai ga duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun rikiɗe sun koma ƴan akwatuna.

"Malam, da wane irin harafi aka buga wannan?"

Malam bai sani ba. Wanda ya buga ɗin kuma ya daɗe da barin aikin.

A wancan zamani kowa ƙera nasa haruffan yake yi, shi ya sa aikin wani ba ya karantuwa a kwamfutar wani. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ne maganin wannan: kowane harafi da lambarsa, kowa kuma ya san ta. Abin da ake kira buɗaɗɗiyar ƙa'ida ke nan. Kamar tiya ce a kasuwar hatsi: da mai saye da mai sayarwa duk sun san girmanta, ba mai ɓoye ta a aljihu. ODF, tsarin adana rubuce-rubucen ofis, ya samu amincewar ISO, hukumar daidaita ƙa'idoji ta duniya, a 2006, PDF kuma a 2008.

Buɗaɗɗiyar manhaja wani abu ne daban, kodayake ana yawan cakuɗa su. Mai kilishi zai sayar maka, amma ba zai faɗa maka haɗin yajinsa ba. Haka Windows da Word suke: lasisin amfani kake saye, sirrin yana wurin kamfani. Linux da LibreOffice kuwa da haɗin yajin ake ba ka su. Ka yi aiki da su, ka duba cikinsu, ka gyara, ka raba wa wasu, lasisin ya yarje maka.

To, me dokokin suke cewa? Mu ɗauki ta Faransa, tunda tsarin ofisoshinmu a Nijar daga can muka gaje shi, ko muna ga-maciji da su ko ba ma yi. Sashe na 16 na dokar 7 ga Oktoba 2016 ya ɗora wa ma'aikatu nauyin riƙe linzamin tsarin bayanansu, ya ɗore, kada kuma ya dogara ga wani. Sannan ya ce su ƙarfafa amfani da buɗaɗɗun manhajoji da buɗaɗɗun ƙa'idoji lokacin ƙerawa, saye ko aiki. A lura da kalmar: ƙarfafawa, ba tilastawa ba. Daraktan da ya sayi Word bai karya doka ba. Wannan a ganina shi ne raunin sashen.

Suwizalan ta fi taurin hannu. Dokarta da ta fara aiki a 2024 ta wajabta wa hukumomin tarayya su fito da tushen rubutun manhajar da aka ƙera musu, wato haɗin yajinta, sai in tsaro ko haƙƙin wani ya hana. Hujjar a fili take: kuɗin talaka ya biya, abin na talaka ne. Ingila kuma a 2014 ta bi ta ƙofar ƙa'ida, ta zaɓi ODF don takardun da ake musaya da gwamnati.

Kada a ɗauka kyauta ce zalla. Lasisi ne ba a biya, amma horas da ma'aikata da kula da na'urori sai da kuɗi, kuma mai riƙe da tsohuwar al'ada ba ya sakinta da daɗin rai. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, a 2017 majalisarsa ta ce a juya zuwa Windows. Jandarmomin Faransa kuwa sun bi a sannu, buɗaɗɗiyar manhajar ofis ta OpenOffice a 2005, Ubuntu (wani nau'in Linux) daga 2008, kuma tafiyar ta miƙe musu.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. DHIS2 da ma'aikatar lafiya ke tattara alƙaluman asibitoci da ita buɗaɗɗiyar manhaja ce, daga Jami'ar Oslo ta fito. Akwai kuma hukumar ANSI da aka kafa a 2017 don jan ragamar harkokin zamani na gwamnati.

In da za a tambaye ni inda za a fara, ba daga sauya kwamfutoci zan fara ba, daga takardar kwangila zan fara. A rubuta a ciki cewa kamfanin da ya ƙera wa gwamnati manhaja zai miƙa tushenta, kuma rajistar haihuwa, takardun filaye da sakamakon jarrabawa za a adana su a tsarin da kowace manhaja ke iya buɗewa. Ranar da aka raba gari da kamfanin, ya tafi da kayansa, takardun su tsaya a gida.

Malamin Tawa dai sai da ya biya aka sake buga masa darussan, shafi-shafi.